Makon Craven: Yadda Afirka ta Kudu ke zaɓen matasan 'yan wasan zari-ruga

Makon Craven gasa ce ta wasan zari-ruga da ake shirya wa ɗaliban sakandare 'yan ƙasa da shekara 18 a Afirka ta Kudu. Kowace shekara, a hutun makaranta na tsakiyar shekara, wanda a can yake faɗowa cikin hunturu tsakanin Yuni da Yuli, kowane yanki na ƙasar yakan tace yaransa ya turo waɗanda yake ganin sun fi kowa, su haɗu a gari ɗaya su kwashe mako guda suna karawa. Ƙasashen Namibiya da Zimbabuwe ma sun daɗe suna aiko da nasu. A bakin fili kuwa akwai masu horarwa na manyan ƙungiyoyi, da wakilan jami'o'i, da dillalan 'yan wasa, kowa da littafinsa yana rubuta sunaye. Tashar SuperSport tana nuna wasannin kai tsaye. Daga wannan mako ne ake fitar da tawagar makarantun ƙasar, kuma daga nan ne samari da yawa suke samun kwantiraginsu na farko.

Irin zari-rugar da ake yi a wannan gasa ita ce ta mutum 15 a kowane ɓangare. Takwas 'yan gaba ne, masu ƙarfi da nauyi, waɗanda aikinsu ƙwato ƙwallo da turereniya. Bakwai 'yan baya ne, masu gudu da dabara. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba da hannu, sai baya ko gefe, kuma wanda ya dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya ya ci maki 5. Kowace lamba a bayan riga tana da aikinta da irin jikin da take buƙata, shi ya sa zaɓen ɗan wasa a zari-ruga ya danganta da ƙirar jiki fiye da yadda yake a ƙwallon ƙafa.

An fara Makon Craven a watan Yulin 1964 a birnin East London, da tawaga 15, a shekarar da hukumar zari-ruga ta ƙasar ta cika shekara 75 da kafuwa. Tsohon ɗan wasan ƙasa Piet Malan ne ya kawo shawarar, aka kuma sa wa gasar sunan Dakta Danie Craven, shugaban hukumar a lokacin. Tun asali ba a sa kofi ba, domin manufar ita ce yara su saki jiki su yi wasa mai kyau ba tare da fargabar shan kaye ba. Kowace tawaga takan yi wasa uku. Bayan zagayen farko, masu shirya gasar suna haɗa waɗanda suka fi taka rawa da junansu, kuma wasan ƙarshe na ranar rufewa shi jama'a suke ɗauka tamkar wasan cin kofi. A 1974 aka fara zaɓen tawagar makarantun ƙasa daga cikin mahalarta.

Shekara 16 na farko, gasar ta fararen fata ce zalla, domin zamanin mulkin wariyar launin fata ne. Baƙaƙe da waɗanda gwamnati ta kira masu ruwa biyu suna da nasu hukumomi da nasu gasanni, musamman a yankin Gabashin Cape da Yammacin Cape, inda suka fi shekara ɗari suna wannan wasa. A 1980 Craven ya matsa aka buɗe ƙofa ga waɗanda ba farare ba, abin da ya jawo ƙauracewar wasu makarantu. Sai a 1992 hukumomin da aka raba bisa launin fata suka dunƙule suka zama guda. Wannan tarihi yana nan a cikin kowace muhawara da ake yi yau a kan wa za a zaɓa, wa za a bari.

A yau Makon Craven mataki ɗaya ne a cikin matakai da dama. A ƙasa akwai makon 'yan ƙasa da shekara 13, na ɗaliban firamare, waɗanda a makarantu da yawa suke wasa ba takalmi. Sai Makon Grant Khomo na 'yan ƙasa da shekara 16, wanda aka sa wa sunan wani shahararren ɗan wasa baƙar fata na zamanin wariya. A matakin shekara 18 akwai Makon Craven ɗin kansa, da wani mako na biyu da aka tanada wa waɗanda suka kusa shiga amma ba su samu ba. Tawagar makarantun ƙasa takan kara da takwarorinta na ƙasashe irin su Ingila da Faransa. Daga nan sai tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda ke zuwa gasar duniya da aka fara a 2008, sannan babbar tawagar ƙasa da ake kira Springboks.

Zaɓen yana farawa ne daga makaranta. Malamin wasa yakan miƙa sunayen yaransa, a kira su gwaji na shiyya, inda ake haɗa yara daga makarantu daban-daban a raba su gida-gida su kara. Bayan kowane zagaye ana rage yawansu, har a zo gwajin ƙarshe na yanki, wanda daga shi ake sanar da tawagar mutum ashirin da 'yan kai. Masu zaɓen galibi malaman makaranta ne da masu horarwa na yankin. Ban da abin da suka gani ranar gwaji, suna la'akari da yadda yaro ya buga wa makarantarsa wasa a tsawon kakar wasa, da sakamakon awon gudu da ƙarfi da juriya.

Abin da ake nema ya bambanta daga lamba zuwa lamba. Masu lamba 1 da 3 su ne ginshiƙan turereniya, ana son su da kaurin wuya da ƙarfin baya. Mai lamba 2 shi ke jefo ƙwallo daga gefen fili, saboda haka dole ya iya saiti. Masu lamba 4 da 5 dogaye ne, su ake ɗagawa sama su cafe ƙwallo. Masu lamba 6 da 7 da 8 su ne masu bin ƙwallo duk inda ya faɗi, da kayar da abokin hamayya. Mai lamba 9 yana haɗa 'yan gaba da 'yan baya, mai lamba 10 kuma shi ne ƙwaƙwalwar tawaga, shi ke yanke shawarar a gudu ko a buga da ƙafa. 'Yan gefe, masu lamba 11 da 14, gudu ne jarinsu. Akwai kuma abubuwan da sikeli da agogo ba sa aunawa: ko yaro yana hango gurbi kafin ya buɗe, ko yana tashi da sauri bayan an kayar da shi, ko yana jin gyara, ko hankalinsa yana kwance idan ana cin tawagarsa.

Wasu 'yan wasa sun hau waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya ba tare da tuntuɓe ba. Handré Pollard, ɗalibin makarantar Paarl Gimnasium, ya wakilci yankin Western Province a matakan matasa. A 2012, yana ɗan makaranta, aka kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 20, wadda ta ci gasar duniya a birnin Cape Town bayan ta doke New Zealand da maki 22 da 16. A 2014 aka zaɓe shi gwarzon matashin ɗan wasa na duniya, kuma a shekarar ya fara buga wa Springboks yana da shekara 20. Daga baya ya ci kofin duniya sau biyu, a 2019 da 2023. Irin labarinsa ne ke sa mutane su ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Bincike ya nuna cewa a zari-ruga wannan karin magana ba kasafai take tabbata ba. A 2011 Justin Durandt da abokan aikinsa suka wallafa wani nazari a kan yara 349 da suka halarci makon 'yan ƙasa da shekara 13 na 2005. Da aka bi sawunsu, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka kai Makon Grant Khomo a 2008, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suka kai Makon Craven a 2010. Ma'ana, uku daga kowane huɗu na yaran da aka ce sun fi kowa a shekara 13 ba sa cikin zaɓaɓɓu a shekara 18, wasu ne suka maye gurbinsu.

Babban dalilin haka shi ne balaga. Yara biyu 'yan shekara 13 za su iya bambanta ƙwarai a tsawo da nauyi, domin ɗaya ya riga ya fara zama saurayi, ɗayan kuwa har yanzu yaro ne. A wasan da ake karo da jiki, wanda ya riga girma yana ratsa tsara cikin sauƙi, sai mai zaɓe ya ɗauki girman jiki a matsayin gwaninta. Bayan shekara uku ko huɗu sauran sun kamo shi, kuma sau da yawa sun fi shi dabara, domin su dole ta sa suka koyi kaucewa da miƙa ƙwallo tun suna ƙanana, shi kuwa bai taɓa buƙatar koyon su ba. Watan haihuwa ma yana da tasiri. Da yake ana ƙirga rukunin shekaru daga 1 ga Janairu, yaron da aka haifa a Janairu ya girmi na Disamba da kusan shekara guda, alhali rukuninsu ɗaya. An ga wannan fifiko na 'yan farkon shekara a wasanni da dama a ƙasashe da dama. A wasu sassan New Zealand ana rage matsalar ta hanyar raba yara bisa nauyi tare da shekaru.

Dokokin wasan matasa su ma suna ɓoye wasu abubuwa. A matakin ƙasa da shekara 19, kowane rabin lokaci minti 35 ne maimakon 40, kuma ba a yarda a tura abokan hamayya fiye da mita ɗaya da rabi a turereniya ba, don kare wuya da ƙashin baya. Dokar tana da amfani, amma tana nufin ba za a san ainihin ƙarfin mai lamba 1 ko 3 ba sai ya shiga wasan manya. Shi ya sa masu waɗannan lambobi sukan daɗe kafin su kai ganiyarsu. Haka kuma lambar da yaro ya saka a makaranta ba lallai ita zai yi suna da ita ba. Bryan Habana ya yi wasa a lamba 9 a makaranta, amma a gefe ya shahara, inda ya dire wa ƙasarsa ƙwallo sau 67. Tendai Mtawarira, haifaffen Zimbabuwe, ya zo ƙungiyar Sharks a matsayin mai bin ƙwallo a layin baya na 'yan gaba, aka mayar da shi lamba 1, ya buga wa Springboks wasa 117.

Son girman jiki ya sa an yi kuskure a kan manya ma. Cheslin Kolbe, mai tsawon mita 1.71, ya daɗe ana cewa ya yi ƙanƙanta ga wasan ƙasa da ƙasa. Ya ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta 2016 a zari-rugar mutum bakwai, ya koma ƙungiyar Toulouse ta Faransa a 2017, sai a 2018 aka kira shi Springboks, kuma ya dire ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin duniya a 2019. CJ Stander ya yi kyaftin ɗin tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 a 2010, amma aka nuna masa cewa jikinsa bai kai na lambar da yake bugawa ba. Ya tafi ƙungiyar Munster ta Ireland a 2012, ya ƙare da buga wa Ireland wasa 51.

Matsala ta biyu, wadda ta fi ta balaga zurfi, ita ce makaranta. Zari-rugar matasa a Afirka ta Kudu tana hannun makarantu ne, kuma wasu 'yan ƙalilan daga cikinsu sun yi wa saura fintinkau. Grey College a Bloemfontein da Paul Roos Gymnasium a Stellenbosch su ne kan gaba wajen yaye 'yan Springboks. Akwai kuma makarantu biyu na garin Paarl, waɗanda karawarsu ta shekara-shekara take tara dubban 'yan kallo, da Affies a Pretoria, da wasu a KwaZulu-Natal da Gabashin Cape. Irin waɗannan makarantu suna da filaye masu ciyawa, da ɗakin motsa jiki, da ƙwararrun masu horarwa, da masu kula da lafiya, da abinci mai gina jiki. Yaransu suna karawa da tsaransu masu ƙarfi kowace Asabar, ana kuma nuna su a talabijin. Ɗan makarantar ƙauye ko ta unguwar talakawa yana zuwa gwaji ba wanda ya san sunansa, wataƙila bai taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba, kuma a cikin ɗan lokacin da aka ba shi a fili ake son ya nuna ya fi wanda aka shekara ana kallo.

Rayuwar mutum biyu da suka ci kofin duniya tare ta bayyana wannan rata. Siya Kolisi ya taso cikin talauci a unguwar Zwide ta birnin Port Elizabeth, wanda yanzu ake kira Gqeberha. Yana ɗan shekara 12 aka hango shi a wata gasar yara a Mossel Bay, aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey ta birninsu. Daga nan ya wakilci Eastern Province a Makon Craven, ya shiga tawagar makarantun ƙasa, ya fara buga wa Springboks a 2013, kuma a 2018 ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa kyaftin ɗin tawagar. Makazole Mapimpi kuwa ya fito ne daga ƙauyen Tsholomnqa a Gabashin Cape, ya yi makarantar da ba ta da suna a wasa, bai kuma bi ta Makon Craven ba. Ta ƙananan ƙungiyoyi da yankin Border ya biyo, sai da ya kai shekara 27 ya fara buga wa ƙasa. A wasan ƙarshe na 2019 a Japan, inda aka doke Ingila da maki 32 da 12, shi ne ɗan Afirka ta Kudu na farko a tarihi da ya dire ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin duniya. Gurbin karatu ne ya sa tsarin ya ga Kolisi da wuri. Mapimpi bai samu wannan gurbi ba, saura kaɗan ƙasar ta yi asararsa.

Don gyara gadon wariya, hukumar zari-ruga ta ƙasar ta gindaya wa kowane yanki mafi ƙarancin adadin 'yan wasa waɗanda ba farare ba da dole ya sa a tawagarsa ta makonnin matasa. Masu goyon baya suna cewa da ba don wannan doka ba, da masu zaɓe sun ci gaba da ɗauko 'ya'yan makarantun da suka saba da su. Masu suka suna cewa cancanta kaɗai ya kamata a duba. Abin da ya fito fili shi ne dokar ta buɗe wa yara da yawa hanya, amma ta kuma ƙara zafafa farautar yara baƙaƙe masu hazaƙa zuwa manyan makarantu ta hanyar tallafin karatu. Yaron da aka ɗauka yana amfana, sai dai yakan bar gida da harshensa tun yana ƙarami, makarantar da ya baro kuma tana nan yadda take, ba fili ba koci. Adadi a takarda yana iya cika ba tare da wasan ya yaɗu a unguwannin da yaran suka fito ba.

Da yake kwantiragi da gurbin jami'a suna rataye a kan mako guda, matsin da ke kan yaran yana da yawa. Wasu sukan ɓoye rauni don kada a cire su. Wasu sukan koma ga ƙwayoyin gina tsoka. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta ƙasar tana gwada 'yan wasa a Makon Craven, kuma a 2018 an samu shida da irin waɗannan ƙwayoyi a jikinsu. Yaron da ya yi haka yana jefa hantarsa da zuciyarsa cikin haɗari, yana kuma fuskantar dakatarwa ta shekaru. Alhakin wannan yana kan manyan da suka nuna masa cewa nauyi ne mabuɗin zaɓe. A fannin rauni, shirin BokSmart da aka ƙaddamar a 2009 ya wajabta wa masu horarwa da alƙalan wasa samun horo kan kare kai da wuya da ƙashin baya, da kuma fitar da duk wanda ake zargin ya samu girgizar ƙwaƙwalwa.

Samun rigar Makon Craven, ko ma ta makarantun ƙasa, ba tabbacin sana'a ba ne. Guraben ƙwararru kaɗan ne idan aka kwatanta da ɗaruruwan samarin da ke fitowa kowace shekara. Wasu suna shiga makarantun horarwa na manyan ƙungiyoyi irin su Bulls da Lions da Sharks da Stormers. Wasu suna bi ta gasar jami'o'i ta Varsity Cup, wadda aka fara a 2008, inda suke haɗa karatu da wasa, kuma ta zama dama ta biyu ga waɗanda suka makara wajen girma. Wasu kuma suna ƙetarawa. Paul Willemse, wanda yake cikin tawagar da ta ci gasar 2012, Faransa ya buga wa. Duhan van der Merwe da Pierre Schoeman, waɗanda suka wakilci Afirka ta Kudu a matakin matasa, Scotland suka buga wa. Hukumar zari-ruga ta duniya ta ƙara wa'adin zama a ƙasa kafin a wakilce ta daga shekara uku zuwa biyar, amma ƙungiyoyin Turai da Japan ba su daina zawarcin matasan ba. Mafi yawa kuwa wasan yana tsaya musu a matakin sha'awa, shi ya sa karatu ya zama wajibi ga kowane ɗayansu.

'Yan mata ma yanzu suna da makonninsu na ƙasa da shekara 16 da na ƙasa da shekara 18. Makarantun da ke koya musu wasan ba su da yawa, saboda haka da dama suna fara shi a makare, wasu daga wasu wasannin suke sauyowa. Tawagar mata ta ƙasar ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar kofin duniya ta 2025 a Ingila, karo na farko a tarihinta, kuma ɗorewar wannan ci gaba ta dogara ga yawan makarantun da za su buɗe wa 'yan mata fili.

Ƙarfin tsarin Afirka ta Kudu a bayyane yake: ƙasar ta ci kofin duniya sau huɗu, a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, kuma tawagarta ta 'yan ƙasa da shekara 20 ta sake cin gasar duniya a Italiya a 2025. Rauninsa kuma shi ne zaɓe a shekarun ƙuruciya yana auna jikin yaro na yau da makarantar da ya samu, fiye da ɗan wasan da zai zama gobe. Gyaran yana buƙatar masu zaɓe su riƙa duba matakin balaga da watan haihuwa tare da abin da suka gani a fili, su bibiyi yaro a tsawon kaka maimakon rana guda, su kuma taka zuwa makarantun ƙauye da unguwanni da kansu. Yana buƙatar a kai filaye da masu horarwa da abinci inda yaran suke, ba a tsaya ga kwaso 'yan kaɗan daga cikinsu ba. Yana kuma buƙatar a ƙarfafa ƙananan ƙungiyoyi da gasar jami'o'i da ta ƙananan yankuna, domin wanda aka tsallake a shekara 13 ko 16 ko 18 ya samu inda zai ci gaba da wasa har a sake ganinsa a shekara 22 ko 25.